Kafin Ka Sa Ƙafa a Jirgi: Tsaro da Doka a Hanyar Tsibiran Tafkin Kainji

Daga kusa da Yelwan Yauri zuwa madatsar Kainji, ruwa ne shimfiɗe na tsawon kilomita kusan 136, a wani wurin kuma faɗinsa ya kai kilomita 24. A cikinsa da gefensa akwai tsibirai, da tungayen masunta, da ƙauyukan da mota ba ta isa sai jirgi. Ɗan kasuwa mai neman busasshen kifi ko albasa, malamin makarantar da aka yi wa canjin wurin aiki, ma'aikaciyar lafiya mai ɗauke da allurar rigakafi, 'yan biki, 'yan ta'aziyya, da baƙon da ya zo kallon bikin Rigata ya ce bari ya leƙa tsibiri, duk a jirgin katako guda suke haɗuwa. Mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, ƙananan hukumomi uku da suka haɗa masarautar Yauri, ba su da wata hanyar da ta fi wannan sauƙi zuwa wurin 'yan'uwansu na Agwara da Borgu a jihar Neja.

Saboda haka ba abin da za a ce wa mutum kada ka shiga ruwa. Abin da za a gaya masa shi ne yadda zai shiga ya fita lafiya, da abin da doka ta ba shi, da abin da ta ɗora masa. Wanda ya bi labarin haɗurran da suka auku a wannan tafki zai ga abu guda yana maimaituwa: kusan duk jirgin da ya nutse a tsakiyar ruwa, tun a bakin gaɓa aka ga alamarsa, kuma tun a nan ne fasinja yake da ikon ya tsira.

Tafkin da ya haɗiye gari da daji

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwan Kwara a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairun 1969. Ruwan da ya taru ya rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,200. Tsohon garin Bussa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, yana ƙarƙashin ruwa, aka gina wa mutanensa New Bussa. An tayar da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu, cikinsu har da Gungawa da Lopawa da Kambari, waɗanda da yawansu a tsibirai da bakin kogi suka gaji zama. Foge, wanda dā babban tsibiri ne da kogi ya rabu biyu ya zagaye shi, ruwa ya cinye yawancinsa, tuddansa ne suka rage. A 2008 aka sa tsibiran Foge cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsayen da ke sauka a can.

Wannan tarihi ya shafi matafiyin yau kai tsaye. Lokacin da ruwa ya taso, ba a sare dukan itatuwan da ke wurin ba. Kututturansu suna nan a tsaye a ƙarƙashin ruwa har yanzu, kuma tsayin ruwan yana sauyawa da mitoci da yawa tsakanin cikarsa da janyewarsa. Hanyar da jirgi ya bi lafiya a watan Janairu, a watan Yuni tana iya zama cike da kututture da ke dab da saman ruwa, ido bai ganin su sai ƙasan jirgi ya ji.

Masunta sun san tafkin da cika biyu. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga wajen Agusta, da laka da ƙarfi da tarkacen itace da ciyawa. Baƙin ruwa kuma yana isowa cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, bayan ya yi doguwar tafiya daga tsaunukan Gini ya ratsa fadamun Mali ya tace. Kowanne da irin haɗarinsa: farin ruwa da gudu da tarkace, baƙin ruwa da sanyi, ga hazo da ke rufe ido.

Abin da Wara ta gani

Ranar Laraba 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako ya taso daga yankin Borgu ya nufi Wara, hedikwatar Ngaski. Bai kai ba, ya tsage ya nutse. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, sun ce mutanen da ke ciki sun kai 180, kimanin 20 aka ceto da rai. Mahukuntan yankin sun ce jirgin bai kamata ya ɗauki fiye da 80 ba, ga kuma buhunan ƙasa da aka ɗebo daga wurin haƙar zinare. An kwashe kwanaki masunta suna tsamo gawawwaki ana yi musu sutura, akasarinsu mata da yara.

Ba a tsaya nan ba. A farkon Janairun 2023 jirgin manoman shinkafa ya karye a Koko-Besse. A farkon Oktoban 2023 wani jirgi da ya taso daga Agwara ya nufi kasuwar Yauri ya kife da mutum kusan 50. A farkon Satumban 2025 jirgin 'yan ta'aziyya da ya taso daga gundumar Malale ya daki kututture ya kife, mutane da dama suka rasu. Dalilan da ake bayarwa ba sa canzawa: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, kututture, iska, babu rigar kariya.

Akwai wani abu mai ciwo a labarin Wara wanda ba a cika faɗa ba. Rahotanni sun saɓa kan yawan mutanen da ke cikin jirgin, domin ba wanda ya rubuta sunayensu kafin tashi. Iyalai suka riƙa zuwa bakin ruwa suna tambaya ko ɗansu ya shiga wannan jirgi ko wani. A tsibiran Bahar Rum, irin su Malta da tsibiran Girka, dokar Tarayyar Turai ta 1998 ta wajabta a ƙidaya duk wanda ke cikin jirgin fasinja kafin ya tashi, a doguwar tafiya kuma a rubuta sunaye, kuma ba a yarda adadin ya haura abin da aka ƙayyade wa jirgin ba. Turawan ma sai da suka binne ɗaruruwan mutane kafin su kafa wannan doka. Ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Littafi da biro da mutum mai amana sun isa a fara ta a tashar Zamare ko ta Wara gobe.

A bakin ruwa ake tsira

Ka tsaya a tashar jirgi ranar kasuwa ka kalli yadda ake lodi. Buhunan masara da shinkafa ne ke fara shiga ƙasa. Sai babura a jingine, sai kwandunan kifi, sai tumaki a ɗaure. Bayan nan mutane su hau kan kayan, mata da yara a tsakiya, samari a gefe ƙafa na lilo a waje. 'Yan kamasho suna ta kira, "Hajiya, matsa kaɗan, akwai wuri," domin kowane kai kuɗi ne. A tsakiyar jirgin akwai yaro da yankakkiyar jarka a hannu yana kwarfar ruwa tun jirgin bai motsa ba.

Idonka ya fara zuwa kan gefen jirgi. Nawa ne ya rage tsakanin bakin katako da saman ruwa? Idan wanda ke zaune yana iya taɓa ruwa da hannu ba tare da ya sunkuya ba, jirgin ya cika, taguwa ɗaya mai ƙarfi za ta shigo ciki. Sannan ka dubi yaron nan mai kwarfa. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsar ruwa, amma in yaron ba ya samun hutu alhali ana tsaye, to, a tsakiyar tafki ba zai iya ba. Ka dubi ƙasan jirgi da haɗin katako: facin kwano a kan faci, ƙusoshin da suka yi tsatsa, katakon da ya yi laushi, duk suna magana. Ka tambayi matuƙi ko yana da filafili da gora in inji ya mutu, da isasshen mai, da tocila, da waya mai caji. Matuƙin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

In abin da ka gani bai kwanta maka ba, ka sauka. A nan ne kunya take kashe mutane. Mutum ya riga ya biya kuɗi, ga surukai a ciki, ga wani yana cewa, "Haba Malam, Allah ne ke tsarewa." Gaskiya ne Allah ne ke tsarewa, kuma malamanmu sun karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Ka ce, "Ku yi haƙuri, zan jira na gaba," ka riƙe hannun iyalinka ku fito. Asarar kuɗin jirgi da ta cinikin rana guda ana mayar da su.

Rigar kariya kuwa, sa ta ake yi, ba zama a kanta ba. A ɗaure igiyoyinta har ta kama jiki, domin sakakkiya tana zamewa ta kai da zarar mutum ya faɗa ruwa. Ta babba ba ta yi wa yaro. Wadda soson cikinta ya lotse ko ta yage ba ta ɗaga kowa. Mai yawan zirga-zirga a tafkin ya sayi tasa ya riƙa yawo da ita. Mai goyo ta sauke yaron daga baya ta riƙe shi a gaba, kada ta ɗaure shi da zane a jikinta. Kuma kada iya iyo ya ruɗi kowa: a tsakiyar tafki gaɓa tana da nisan kilomitoci, ga tufafi sun jiƙe, ga waɗanda ba su iya ba suna riƙe duk wanda suka samu.

Lokaci da yanayi

Tafiyar safe ita ce tafiya. Da damina hadari yakan taso daga gabas da la'asar ko almuru, kuma iskar da ke gabansa ta fi ruwan saman haɗari, musamman a farkon damina da ƙarshenta. A faffaɗan tsakiyar tafkin babu tudu ko itacen da zai kare iska, cikin ɗan lokaci ruwan da ke kwance yake tashi. In ka ga gabas ta yi baƙi, kada ka shiga. In kana ciki, ka goyi bayan matuƙin da ya ce a raɓa gaɓa a jira, kada ka shiga sahun masu matsa masa ya ci gaba.

Dawowa daga kasuwa ita ce ta fi haɗari, domin kowa ya gaji, kaya sun ƙaru, rana ta yi ƙasa, kowa yana son ya kwana a gida. Ka tsara tafiyarka yadda za ka juyo da wuri, in kuma dare ya yi maka, ka kwana. Mutanen tsibiri ba sa barin baƙo ya kwana a waje.

Abin da doka ta ce

An kafa NIWA da dokar soja mai lamba 13 ta 1997, hedikwatarta tana Lokoja, kuma tana da ofishin yanki a Yauri. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ikon kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023, waɗanda hukumar ke aiki da su ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku, sun wajabta rajistar jirgi, da sa rigar kariya ga kowane fasinja, sun hana lodin da ya wuce kima, sun kuma hana tafiyar dare. Abin da hukumar ke shelantawa shi ne daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe ba a ɗaukar fasinja.

Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce, in ya nemi rigar kariya ba alfarma yake roƙo ba, haƙƙinsa ne. In kuma ya ƙi sawa, shi ma ya karya ƙa'ida. Mai jirgin da sakacinsa ya jawo mutuwa yana iya fuskantar tuhuma a kotu, iyalan mamaci kuma suna da damar neman diyya. Wurin kai ƙara shi ne ofishin NIWA, ko 'yan sandan ruwa, ko shugabannin ƙungiyar masu jirage na tashar. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, tun dokar 2022 tana da hurumin binciken haɗarin jirgin ruwa, ba na sama kaɗai ba.

Ka riƙe katin shaida a jikinka, a cikin leda. Tsallaken ruwa jihar Neja ce, kuma Borgu ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, saboda haka jami'an tsaro da na shige da fice suna tambaya. Madatsar kanta wuri ne mai tsaro: ba a matsa mata da jirgi, ba a ɗaukar hotonta ba izini, kuma tashin jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto yana buƙatar izinin hukuma a ko'ina cikin Nijeriya. Jihar Kebbi tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, baƙo ya kiyaye da abin da ya shafi giya da sutura.

In ka sauka a tsibiri

Baƙo ba ya shiga gari ta bayan gida. Ka fara zuwa wurin mai gari ko sarkin ruwa, ka yi gaisuwa, "Ranka ya daɗe, baƙo ne, ga abin da ya kawo ni." Wannan ladabi ne, kuma tsaro ne, domin daga lokacin an san da kai, za a gaya maka inda ake wanka da inda ba a yi, inda dorina take kiwo, da matuƙin da za ka amince masa. Kada ka ɗauki hoton mata a bakin ruwa, kada ka taɓa komar da aka shanya ko gurar da aka kafa, kada ka kwance jirgin wani.

Kamun kifi a tafkin yana da doka. Tun shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a Kainji, jihohin Kebbi da Neja suka kafa lasisin masunta suka haramta dala, wato babbar komar nan mai ƙananan ido da ake ja zuwa gaɓa, wadda ke kwashe warangi haɗe da 'ya'yan manyan kifi. Zuba guba ko abin fashewa a ruwa laifi ne a dokar tarayya ta 1992. Ayu da dorina suna cikin dabbobin da doka ta ba kariya, kada wani ya tallata maka nama ko man ayu ka saya. Gandun dajin Kainji, ɓangaren Borgu da na Zugurma, ba a shigarsa sai da izini, farauta a ciki laifi ne. Haƙar zinare ba lasisi ma laifi ne a dokar ma'adinai ta 2007, komai yawan waɗanda ka ga suna yi.

Dorina ba abar wasa ba ce. A 2024 ta yi kisa a Yauri har aka sa mafarauta suka bi ta. Ta fi haɗari in tana da ɗa, da kuma asuba da almuru lokacin da take fita kiwo ko komawa ruwa. Kada ka shiga tsakaninta da ruwa, kada ka sa matuƙi ya matsa don ka ɗauki hoto.

Ruwan gefen tafki, inda ciyawa take, yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Tsutsar tana shiga ta fata yayin wanka ko wanki, bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, amma kauce mata ya fi. Ka tafi da ruwan sha ko ka tafasa, ka tafi da gidan sauro, mai ciwon suga ko hawan jini ya ɗebi maganin da ya fi kwanakin tafiyarsa. Mai tsohon ciki ta ƙaura kusa da asibitin Yauri ko Wara tun da sauran lokaci, domin naƙudar dare a tsibiri tana tilasta tafiyar da doka da hankali suka hana.

Tsaron hanya

Ba ruwa kaɗai ake tsoro ba. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Nuwamban 2025 aka kwashe ɗalibai da malamai daga makarantar St. Mary's da ke Papiri a Agwara. Dajin gandun Kainji ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai. Wannan ma yana daga cikin abin da ke tura mutane ruwa da daddare, suna gudun hanyar mota. Kafin ka tashi ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a ranar, ka gaya wa na gida tashar da za ka hau, sunan mai jirgi, da lokacin da za a sa ran isarka. Kada ka yi ta shelar tafiyarka ko kuɗin da ke jikinka. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma sabis yana yankewa a wurare da yawa, don haka ka riƙe lambar wani a tashar da ka baro.

In abin ya faru

In jirgi ya fara tangaɗi, kowa ya zauna, kada a ruga gefe guda. A fara zubar da kaya. In ya kife, ka kama jikinsa ko wani abu mai yawo, jarka mai murfi ko katako, kada ka nufi gaɓar da ba ka san nisanta ba. Ka tuɓe babbar riga ko duk tufar da ke ja ka ƙasa. Mai ceto ya miƙa gora ko ya jefa igiya da jarka, domin wanda ke nutsewa yana danne mai cetonsa. Wanda aka tsamo ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a buɗe masa hanyar iska, a hura masa numfashi a danna ƙirji, kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki ko juya shi ƙafa sama. Ko ya farfaɗo, a rufe shi da busasshen zane a kai shi asibiti.

Nauyin da ke kan kowa

An yi wasu abubuwa. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, ta raba rigunan kariya ta kuma yi aikin cire kututture a tafkin, Gwamnatin Tarayya ma ta raba riguna ga jihohi a 2025. Amma tashoshin sun fi jami'an yawa, kuma mai jirgin da ke sayen mai da tsada zai ci gaba da ƙara lodi muddin ba wanda ya tsaya masa. Madatsar da ta tashi mutanen nan daga gidajensu tana iya samar da megawat 760 na lantarki ga ƙasa. Ba su nemi abin da ya wuce kima ba in sun ce a sa alama a hanyoyin jirgi, a ajiye jiragen ceto a Yauri da Wara, a kawo manyan jirage masu ƙarfi a mashigar Zamare zuwa Rofia, a kuma ba masu jirage rance su sake waɗanda suka tsufa.

Kafin wannan ya samu, akwai abin da ke hannun mutanen wurin. Fadar Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, da hakimai da sarakunan ruwa suna da faɗa a ji a kowace tasha. Za su iya sa a shata layin lodi da fenti a jikin kowane jirgi, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka, a ajiye littafin sunaye, a kuma hana tashi bayan faɗuwar rana. Limamai su faɗi wannan a huɗuba. Fasinja kuma ya duba jirgi kafin ya biya, ya nemi rigarsa, ya sa a rubuta sunansa, in lodi ya wuce layi ya sauka ya kuma gaya wa na kusa da shi dalili.